Ranar da Na Karanta Sunan Babana a Jarida

Wata Lahadi ce a daminar 1979, ranar kasuwar Jibiya. Manyan motoci sun yi layi tun daga bakin iyaka, ni kuma ina zaune kan tabarma a ƙofar zaurenmu da jarida a cinya. Ina aji biyar a lokacin. Babana maigadi ne a siton takin zamani, bai yi boko ba, don haka duk ranar kasuwa, in na gama wanke-wanke na zuba wa awaki dusa, sai ya kira ni in karanta masa shi da abokansa jaridun da Ilu direba ke kawowa daga Katsina. Guda biyu ne, ɗaya ta jam'iyyar da Baba ke mutuwar so, ɗaya ta abokan hamayya. Ni kuwa ga rawar kai, zuba karatu nake yi kamar ana kora ta, ba na duba layin gaba kafin in furta.

Wata guda kafin nan, taki ya ɓace a wani sito wajen Daddara. Kowa ya san wani jigon abokan hamayya ne ya tsallaka da shi Maraɗi. Jaridarmu ta cika shafin farko da sunansa, tasu kuwa ta yi layi uku can ƙasa, ta ce sakacin maigadi ne. Baba ya yi dariya har da tafa hannu. "Maimaita mani wajen nan, ɗiyata," ya ce, na kuwa maimaita sau uku.

Sai ga shi abin ya zo siton Baba. Wani babba a jam'iyyar su Baba ya zo da rana tsaka da takarda mai hatimi, aka loda mota biyu, Baba da kansa ya buɗe musu ƙofa. A ranar Lahadin nan na ɗauko jaridarmu ina ta zuba, sai na ji bakina ya faɗi cikakken sunan mahaifina, a matsayin maigadin da ake zargi da haɗa baki da 'yan fasa-ƙwauri. Sunan mai takardar ko sau ɗaya bai fito ba. Ilu ya miƙo mini ɗayar da sauri, wai ko ita za ta wanke Baba. Ta yi shafi biyu tana tsine wa mai takardar, amma ko kalma ɗaya ba ta ɓata a kan maigadi ba, don wanke talaka ba ya kawo ƙuri'a.

"Mi ya rage, ɗiyata?" Baba ya tambaya a hankali. Na ce babu. A makon aka sallame shi, ya koma noman gero, kuma har ya rasu akwai masu yi masa kallon ɓarawo a masallaci.

Yanzu ba a jiran direba, labari na cikin wayar kowa, amma halin bai canza ba: ɓarawon gida a rufa masa asiri, na maƙwabta a buga masa ganga. Ina kewar zauren nan da mutanensa masu yarda da duk abin da aka buga a takarda. Baba bai taɓa ganin laifina ba, amma da muryata ya ji yadda nasa suka sayar da shi.