Zangarniyar Bakin Ƙofa

Mahaifiyata Bamagujiya ce a haihuwa, duk garinmu Balan an san haka. Ta musulunta ne da za ta auri mahaifinmu, ta bar yayarta, wadda muke kira Iya, a wata 'yar unguwar Maguzawa can wajen Gafasa. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Akwai abin da gidansu ke yi tun kaka da kakanni. In an gama girbi, sanyi ya shigo, kafin kowa ya taɓa sabon hatsi, 'ya'ya mata sukan koma gidan ubansu. Su zaɓi zangarniyar dawa wadda ta fi cika, su rataye ta da jan zare a saman ƙofa. Sai su daka gumba, su zuba ta farko a gindin tsamiyar gidan saboda magabata, sauran su ci a ƙwarya ɗaya. Inna, mahaifiyar tamu, ba ta taɓa fashi ba. Mahaifinmu yakan ɗora ta a jaki ya ce zumunci za ta, bai kuma taɓa tambayar abin da ake yi a can ba.

Ina gidan mijina a Gaya, bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru, ɗan Iya ya shiga addinin Kirista, gidan duka suka bi shi. Na zaci zancen gumba ya ƙare. Ashe Iya ta fi ni wayo. Sai ta matsar da ranar ta koma ranar Kirsimeti, tunda duk a sanyi ɗaya suke faɗowa. Zangarniya ta hau ƙofar 'yar majami'arsu ta zana, yara suka tashi suna ganin haka ake Kirsimeti a ko'ina. Inna ta ci gaba da zuwa, in ba ni da goyo in raka ta. Sai ka ga tsofaffi biyu a turmi guda, suna daka suna tsiya. Iya ta ce tun Inna na yarinya taɓarya ke fin ƙarfinta, Inna ta ce da baki ake daka da Iya ta ciyar da gari. Ban taɓa ganin haƙoran Inna a waje kamar ranar ba.

Bayan yaƙin basasa mahaifinmu ya rasu, yayana ya dawo daga karatu a Kano, gida ya koma hannunsa. Da sanyi ya shigo ya sami Inna tana murza jan zare.

"Inna, zuba gumba a gindin itace shirka ce," in ji shi. "Ga shi kuma an haɗa da bikin da ba namu ba. Duk ranar da kike son ganin Iya ni zan kai ki, amma ban da wannan."

Kamar haɗin baki, shekarar aka turo wa su Iya sabon mai wa'azi. Ya bi diddigin abin, ya ce tsafi ne aka lulluɓe da Kirsimeti. Ya hana dakan, ya hana tsamiyar. Zangarniya kawai ya bari, don yara sun yi ta kuka, ya ce ita ado ce.

Na je wajen yayana raina a ɓace. "Yaya, tsofaffi ne fa. Sau ɗaya a shekara."

"To ke faɗa min, ba shirka ba ce?"

Na tafi wajen ɗan Iya, shi ma tambayar da ya yi min ke nan da kalmomin addininsu. Abin da ya fi ci min rai, babu mugu a cikinsu, kuma ba ni da amsar da zan ba ko ɗaya. Na dawo Gaya ina jin haushin kowa, har da kaina.

Yaya ya cika alkawari, da bazara ya kai Inna wajen Iya, na bi su. Aka shimfiɗa musu tabarma. Suka gaisa, suka yi zancen zafi, suka tambayi jikoki. Daga nan shiru, kowacce ta ajiye hannuwa a cinya. Mutanen da ba su saba hira ba sai a bakin turmi, an zaunar da su kamar surukai. Tun kafin la'asar Inna ta ce a mayar da ita gida, ba ta kuma sake neman zuwa ba. Da damina Iya ta rasu.

Da sanyi ya zagayo na leƙa unguwar in gaishe su. Ga zangarniya a ƙofar majami'a. Na tambayi wata jikar Iya ko ta san ta mece ce.

"Adon Kirsimeti ne, Gwaggo. Haka yake tun asali."

Na biya Balan na gaya wa Inna. Tana zaune a rana, ta tambaye ni:

"Da jan zare?"

"Da jan zare, Inna."

"To," ta ce, "dawa dai ta samu shiga. Mu ne aka hana."