Tsibirin da Shanu Suka Tsare Ni

A kasuwar Maigatari na tsinto gilashin ninkayar nan, cikin tulin gwanjo, tsakanin wata safa marar 'yar'uwa da hular sanyi. Mai kayan ya rantse na masu walda ne. Ni kuwa na san na mene ne. Na taɓa gani a wayar yayana: wani jirgin ruwa da ya fi unguwarmu girma ya tsaya a wani tsibiri, mutane suka sauko da irin wannan gilashi da bututu a baki, suka kifa ciki a kan ruwa suna kallon kifaye masu launi kamar atamfa. Bututun ban samu ba, sai na sace guntun tiyon da yayan nawa ke zuƙo fetur da shi daga babur, na wanke shi da sabulu.

Matsalar ita ce Gumel ba ta da teku. Kududdufin bayan unguwarmu kawai muke da shi, ruwansa kamar kunun kanwa. Na tsoma kai sau ɗaya, ban ga ko tafin hannuna ba, kuma labari ya riga ni isa gida.

"Duk ranar da ka sake shiga ruwa," in ji Umma, "murhu zan jefa wannan abin."

Ba da wasa take ba. Kududdufi yakan ci yara da damina, ta kuma sha zuwa gaisuwa gidajen da abin ya faɗa wa. Na ce to. Gilashin ya koma aljihuna, kullum yana tare da ni kamar laya.

A tsakiyar wannan daminar yayata ta haihu a wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar, aka ɗauki hayar bas don zuwa suna. In ka cire direba, ni kaɗai ne namiji. Aka cusa ni tsakanin taga da Gwaggo, yayar babanmu, wadda in ta zauna a kujerar mutum uku sai biyu su yi haƙuri. Aka ɗora min kular miya a cinya, buhun shinkafa a ƙafa. Tagar ba ta buɗuwa. Numfashi ma sai Gwaggo ta fitar da nata nake samun wurin jan nawa.

Muna dab da Sule Tankarkar taya ta fashe. Direba ya sauko da safaya, ita ma ba iska. Ya tare ɗan acaɓa, ya rungumi tayar zai kai faci.

"In na dawo zan danna hon," ya ce. "Wanda bai shigo ba ya biyo mu a ƙafa."

Mata suka baza zannuwa a gindin tsamiya. Ni kuwa idona yana kan daji. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ko'ina sai ƙyalli yake tsakanin gonakin gero. Ga jirginmu ya tsaya, ga tsibiri.

"Umma, zan kewaya."

"Tun ba a ci tuwon suna ba?" Gwaggo ta ce. "Ɗana, wannan cikin naka da sauri yake."

Aka yi dariya, na sulale.

Kududdufin farko kore ne shar, kwaɗi sun cika shi suna ta musu kamar 'yan kallon ƙwallo. Na biyu wasu mata na wanki a bakinsa, kumfa ta rufe rabi. Na ci gaba da kutsawa cikin gero har na daina jin muryar Gwaggo, wanda hakan ke nufin na yi nisa sosai. Sai ga na uku: wani babban rami da aka ɗebi ƙasa lokacin aikin titi. Gefe uku duk gangare ne a miƙe kamar katanga, gefe ɗaya ne kawai ke da mashiga. A tsakiya akwai ɗan tudu da bai fi tabarma ba. Ruwan kuwa garau, ina hango yashin ƙasa daga inda nake tsaye.

Na tuɓe sabuwar shaddata, na ninke ta a kan wata hanya mai faɗi, ba ciyawa ba ƙaya, wadda ta gangaro har bakin ruwa. Har na yaba wa wanda ya share ta. Na shiga da gajeren wando, na ja gilashi, na cusa tiyo a baki. Ɗanɗanon fetur yana nan, in da an kyasta ashana kusa da ni da na tashi sama.

Amma na gani. Ciyawar da ruwa ya cinye tana rausaya a hankali, hasken rana yana yawo a kan yashi kamar raga. Talibambam suka wuce ta gaban hancina a jere. Na ga wani silifa, na ga ƙwaro mai iyo da baya. Kifi mai launin atamfa dai babu, amma ban taɓa jin shiru mai daɗi irin wannan ba. Na manta da bas, na manta da murhu, na yi ta shawagi har na kai tudun tsakiya.

Sai ruwan ya fara duhu. Na ɗago kai.

Shanu. Ashe hanyar nan mai tsabta tasu ce, ruwan kuma ya kwanta ne don tun safe ba su zo ba. Garke guda ya gangaro ya toshe mashigar kaf, farare masu ƙaho kamar an buɗe hannu za a rungume ka. Wani bijimi, wanda na rantse ya fi bas ɗinmu tsawo, ya tsaya daidai kan shaddata yana kallona. Na haye tudun na tsuguna. Baya katanga, hagu katanga, dama katanga, gaba ƙaho.

Daga nesa na ji hon.

A saman gangaren wani dattijo makiyayi yana zaune, sanda a kafaɗa, yana dariya har malafarsa na rawa.

"Baffa, don Allah kora min su!"

"Ba a korar saniya tana sha, yaro. Wane irin kwaɗo ne kai mai idon kwalba?"

"Motarmu za ta tashi!"

"To ka bi ta ƙarƙashinsu mana, ai na ga ka iya nutso."

Na dubi ƙafafun nan, na ga ba zan iya ba. Rana ta dake ni a kan tudun, ƙudaje suka same ni. Waɗanda suka sha suna juyawa, wasu na shigowa, kamar duk shanun Jigawa da na Nijar aka gayyato. Hon ya sake tashi, dogo, na direban da ransa ya ɓaci. Na fara lissafa abin da zan faɗa wa Umma, kowace ƙarya na ɗauko sai ta mutu a hannuna. Nan hawaye suka taru a cikin gilashin, na ga duniya ta koma ƙarƙashin ruwa ba tare da na nutsa ba.

Da dattijon ya ga haka ya daina dariya. Ya miƙe ya yi wani kira da harshensu, bijimin ya juya kamar an ja shi da igiya, sauran suka bi. Ya ɗago shaddata da sanda ya miƙo min.

"Gudu. Kada ka sake shiga ramin nan kai kaɗai."

Na yi gudun da ya busar da ni kafin na fita daga gero. Na matse wandon, na karkaɗe shaddar na saka, sawun kofato na baya na rufe shi da hannu. Gilashi a aljihu, tiyo a daji. Na iske bas tana ruri, na faɗa gefen Gwaggo ina haki.

"Ciki ne," na ce.

Umma ta juyo, ta buɗe baki za ta yi min sannu. Sai Gwaggo ta kamo haɓata ta juya fuskata wajen haske.

"Ikon Allah. Wane ciwon ciki ne ke zana wa mutum zobe a ido?"

Robar gilashin ta bar min da'ira biyu, jajaye, kamar mujiya. Umma hannu kawai ta miƙo, na ɗora mata gilashin.

A gidan suna na zauna inda nake hango murhu, ina jiran in ga ƙarshensa. Icen ɗanye ne, hayaƙi ya sa masu girki kuka, har da Gwaggo da ke tuƙin tuwo. Umma ta zaro gilashin daga jaka, ta nufi wuta. Gwaggo ta fizge, ta juya shi, ta ja robar ta bayan ɗankwali, ta sunkuya cikin hayaƙin ta ci gaba da tuƙa tuwo, ido garau.

Yana gidanta har yau, rataye a ƙusar madafa. In na je gaishe ta takan ce in hura mata wuta, amma ba ta taɓa ara min shi ba.