Kiɗan Tanimu da na hana ɗansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shagona a unguwar Chow Kit, nan ƙasar waje, da safen nan aka kira ni, wai Nasiru ya rasu. Ciwon zuciya, kwana ɗaya a asibiti.

Ga wanda bai san shi ba, Nasiru ɗan Tanimu mai goge ne, mutumin Rano. Shekara ashirin ina kaɗa wa ubansa ƙwarya. Karatu ya kawo Nasiru ƙasar nan ya zauna a unguwar Lembah Pantai, ni kuma fatauci ya kawo ni.

Ban yi boko ba. Shi yake karanta min takardun asibiti, shi ya koya min danna wayar nan. In zai wuce sai ya yi min tapau, wato ya ƙunso min shayi, ba sukari, ya ce likita ya hana, Kawu kada ka yi gardama.

Abu ɗaya ya haɗa mu rigima. Yana goga gogen Turawa a ƙungiyar da ke yi wa mutanen Scotland kiɗan rawarsu, wadda suke kira keli.

Ya daɗe yana roƙo kafin na je, wata Asabar da yamma. A bakin ƙofa na tsaya. Maza da siket, tsofaffi da jikokinsu, har da Sinawa da Indiyawa, an jeru sahu biyu. Wata mata tana faɗin taku, su kuma makaɗa suna bin ƙidaya. Ba kirari, ba liƙi, ba mai fita fili shi kaɗai.

Sai kawai na ji kiɗan Tanimu. Wanda yake yi wa manoma ranar gayya. Nasiru ya yanka shi daidai ƙidayarsu, falo cike da mutane suna juyawa a kansa ba su san na wane ne ba. Ya ɗago ya kalle ni yana murmushi.

Wallahi ƙafata ta motsa. Haushin haka ya sa na fita ko sallama babu.

Ranar Juma'a bayan an sauko, a gaban mutane, har da ɗaliban da ke ganin girmansa, na ce ya kai gadon ubansa ga masu siket. Ya ɗauko min takalmana ya ajiye a gabana.

Ganinmu na ƙarshe watan jiya ne, a mamak, wato gidan abincin bayan shagona. Ya ce yana ƙarami ubansa ya rasu, rabin kiɗan kawai ya riƙe, ƙarshen ya ɓace masa. Ni kaɗai na rage da na sani.

"Kawu, ko da baki ne, sau ɗaya. Ba don su ba, don ni."

Na ce na manta.

Ya yi dariya ya ce, "Boleh, ba damuwa, Kawu. In ya dawo maka ka kira ni."

Ban manta ba. Ko yanzu yana kaina, har inda Tanimu yake sassauta hannu in shigo da ƙwarya. Maraya ya roƙe ni muryar ubansa, na yi masa ƙarya saboda girman kai. Ina faɗa a nan ne don a bainar jama'a na ci mutuncinsa.

Ya bar 'ya ɗaya, Hauwa, ita ma tana taɓa goge. Bayan sadakar uku zan je in rera mata kiɗan daga farko har ƙarshe, ta ɗauka a waya. Inda ta ga dama ta kai shi. Nata ne.

Allah ya jiƙan Nasiru, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da mahaifinsa cikin rahama. Duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Waɗanda suka ji abin da na faɗa ranar Juma'ar nan kuma, ku shaida na janye, ku roƙa min Allah ya sa ya yafe min kafin ya tafi.