Dutsen Malama Ifeyinwa

A watan Oktoban 2016, ranar da aka koma karatu, Malama Ifeyinwa ta fara ganin Humaira a wata makarantar 'yan mata da ke Argungu. Iyayen Ifeyinwa masu shagon atamfa ne, a Gwadangaji kusa da Birnin Kebbi aka haife ta, Hausa take yi tamkar 'yar gida, kuma ita ke koyar da fiziks. Humaira kuwa ɗiyar Bawa masunci ce, yarinya mai yawan tambaya da ba ta barin layin gaba.

Kowace shekara Malama kan ɗaure wani dutse mai nauyi da igiya, ta rataye a ƙarfen rufin aji, ta jawo shi har haɓarta, ta saki. Dutsen ya yi lilo ya tafi, ya dawo, ya tsaya daf da fuskarta. Takan bayyana cewa tsawon igiya ke yanke lokacin kai da komowarsa, ba nauyinsa ba, kuma ba ya wuce inda aka sake shi. Sharaɗi ɗaya ne, kullum sai ta faɗe shi: a saki kawai, kada a tura.

Ranar da mai duba makarantu ya zo, hankalinta duk yana kan baƙo. Ta kira Humaira, ta miƙa mata dutsen, ba ta faɗi sharaɗin ba. Yarinyar ta tura da ƙarfi don ta burge malamarta. Dutsen ya dawo ya karya mata haƙoran gaba.

Da la'asar Ifeyinwa ta je gidan su Humaira a bakin gulbi, ta tarar da Bawa yana ɗinkin taru.

"Baba, na zo ne..."

"Haba Malama, zamna. Ɗiyar taki ce da rawar kai. An ce mata saki, ta tura. Ko ba haka aka yi ba?"

Humaira na bakin ƙofa, gyale a baki, tana kallonta. Ifeyinwa ta tuna gaskiya na iya raba ta da aikinta, ta sunkuyar da kai. "Allah ya kiyaye gaba, Baba," ta ce. Ya ba ta busasshen kifi, ta karɓa.

Humaira ba ta tona ba. Zango na gaba ta bar ajin kimiyya, ba ta sake tambayar Malama komai ba. Yanzu ɗinki take yi a Birnin Kebbi. Ifeyinwa na nan tana koyarwa a Argungu, sai dai lemo take ratayewa a zare, kuma ita kaɗai ke sakinsa.