Samfurin Da Ya Raba Ni Da Guangzhou

Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, bazawara mai 'ya'ya uku, ina da shagon takalman mata a Kano, kuma na shekara tara ina zuwa Guangzhou sari. Ba yabon kai ba, a kasuwar takalma ta Zhanxi Lu an san ni da fitina. Ban taɓa ba da oda don kawai takalmi ya yi kyau a cikin gilashi ba. Sai na sayi ƙafa ɗaya samfur, na saka shi kwana uku, na hau bene da shi, na taka ruwa, na ga ko gam zai saki ko dunduniya za ta karkace. In ya ci jarrabawa, na koma na yi oda. Da wannan ɗabi'ar na yi suna a gida. Jarina na gaskiya kuwa bizar nan ce da ke cikin fasfona, domin duk abin da yarana suka ci ko suka yi karatu da shi, ta nan ya biyo.

Wata biyu kafin tafiyar da zan ba ku labarinta, 'yan bindiga suka tare motarmu a hanyar Abuja, bayan azahar. Suka kwantar da mu rub da ciki a bakin titi. Har yau abin da na fi tunawa shi ne wata tururuwa da ke jan ƙwayar dawa a gaban hancina, ina kallonta ina jiran a harbe ni. Suka kwashe wayoyi, suka shiga daji da mutum biyu, ni suka bar ni. Kowa ya ce in gode Allah, kuma na gode. Amma wani abu ya zauna mini a rai, haushi ne ko kunya ban sani ba, wai ni da nake daka wa dillalai tsawa na kwanta kamar buhu, ko kai ban iya ɗagawa ba.

Na sauka Guangzhou ana tsakiyar damina, gari ya yi lumshi, iska da danshi, saman dogayen benaye ya ɓace cikin hazo. Gari ne da za ki ajiye waya a teburin shayi ki dawo ki tarar da ita, amma a nan ne mafarkin ido biyu ya kama ni. Ina zaune a shago ana jera mini takalma, sai in ga titin nan na Abuja ya buɗe a gabana. Wannan karon ba na kwanciya. Sai in zura hannu ƙarƙashin hijabi a hankali, in zaro wata 'yar bindiga ƙarama, in ɗaga. Ba na harbi, ko sau ɗaya ban taɓa harbi a mafarkin ba. Su da kansu suke ja da baya, su zube ƙasa, sai mutum biyun nan su fito daga daji suna karkaɗe tufafinsu, mu koma mota mu ci gaba da tafiya. Daɗin abin ya wuce yadda zan kwatanta. Nakan maimaita shi sau goma a wuni, wani lokacin in canza kalar hijabin, wani lokacin in sa yayyafi ya sauko, har sai mai shago ta taɓa mini hannu ta tambaye ni ko ina so ko ba na so.

Daga nan na koma kallon bidiyon Turawa a waya, masu kwatanta ƙananan bindigogin da ake ɓoyewa a jiki: wacce ta fi siranta, wacce ba ta cijewa, wacce ke zama a tafin hannun mace. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma na san kaya in na gani, sai na shiga zaɓe kamar ina zaɓen takalmin amare. Wannan ta yi kauri, waccan hancinta ya yi tsawo, zai ɗaga hijabi. Abokiyar ɗakina a masauki wata Hajiya ce 'yar Maraɗi mai sarin atamfa, ta girme ni, ga ta da bakin tsiya. Ta raɗa mini suna kwamanda. Ta ce ba ta taɓa ganin soja irina ba, wadda kyankyaso ɗaya ke sa ta hau kan gado tana salati. Da ta ga abin ba wasa ba ne sai ta daina dariya, ta ce mini ƙasar nan ba a wasa da ko wuƙa, in riƙe addu'a in bar wayar nan. Na mayar mata da cewa ba ita aka kwantar a titi ba. Ta koma lissafin atamfofinta, ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Wata Talata na shiga kasuwar kayan wasan yara a unguwar Liwan don in yi wa autata tsaraba. Can ƙarshen layi na ga shagon da aka rataye bindigogin ruwa na roba, ja da kore. Ban san lokacin da na ciro waya na nuna wa matar shagon hoton wadda na zaɓa ba. Ta kaɗa hannu ta ce meyo, wato babu. To ni na san meyo ɗin farko ba shi ne na ƙarshe ba. Na ja kujera, na kira ta lawban, wato uwar shago, na sha shayinta, na sayi 'yar tsana biyu. Can sai ta leƙa waje, ta sunkuya ƙarƙashin kanta, ta miƙo mini wani abu a nannaɗe cikin jarida. Baƙa ce, ta ƙarfe, da nauyi da sanyi, ta zauna a tafina kamar an auna. Ba ta gaske ba ce, 'yan ƙwallayen roba take harbawa, kuma na san haka, amma in an ɗaga miki ita ba za ki tsaya tambaya ba. Matar ta ɗora yatsa a leɓe ta yi mini alamar in ɓoye. Hakan bai ɗaga mini hankali ba ko kaɗan, don shekara tara ina ganin ana zaro takalman kwaikwayo daga ƙarƙashin kanta da irin wannan alamar. Na ɗauka sirrin kasuwa ne kawai.

Shirina shi ne in cusa ta cikin katan ɗin takalma ta tafi gida, in riƙa tafiya da ita don tsoratarwa, daga baya in nemi ta gaske mai girmanta. Amma ni ba na tura kayan da ban gwada ba. Na sayi allura da zare na ɗinka aljihu a cikin 'yar rigar da nake sawa ƙarƙashin hijabi, na ba ta kwana uku kamar kowane samfur. Kwana biyun farko a ƙafa da tasi na yi yawo, kuma ban taɓa jin sauƙi irin na ranakun nan ba. Na bi bakin kogi da yamma, tsofaffin mata suna rawarsu a hankali, bishiyoyi sun sako saiwoyi daga sama, jiragen ruwa suna wucewa cikin hazo ba ƙara. Nauyinta yana kan haƙarƙarina, ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ina kallon mutane ina murmushi, ina cewa a raina ba wanda ya san ko wace ce ni. Har aibinta na riƙa lura da shi: gindinta yana sukana in na sunkuya, sai na kwance aljihun na matsar da shi baya kaɗan.

Rana ta uku ruwa ya tsuge ina tsakiyar hanya. Hijabina ya jiƙe ya manne a jiki, sai ga shatinta ya fito ɓaro-ɓaro. Na shiga banɗakin wata kasuwa na ciro ta na jefa cikin jakar hannu, ina ma cewa a raina na gano wani aibin. Ina so in je unguwar Tianhe in saya wa babban ɗana waya, tasi kuwa babu ko ɗaya. Sai na gangara tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. A can kowace ƙofa akwai na'urar da ke haska jaka, na ɗora tawa a kai fiye da sau dubu a rayuwata. Na ɗora ta kamar kullum, na wuce ɗaya gefen ina karkaɗe lema, hankalina yana can kan titin Abuja, 'yan bindigar suna ja da baya. Jakar ba ta fito ba. Matar da ke kallon allon ta miƙe tsaye.

Ba wanda ya yi mini ihu, ba wanda ya taɓa ni da mugunta. 'Yan sanda biyu suka zo suka ce in biyo su, ina ta nanata cewa abin wasa ne. A ofishinsu wata 'yar sanda ta caje ni, ta samu aljihun da na ɗinka. Da aka bar ni na kira Hajiyar Maraɗi, ita ce ta nemo wani Alhaji Bakano mai harkar tura kayan 'yan kasuwa gida, wanda ya daɗe a garin yana jin yarensu, ya zo ya yi tafinta. Shi ya fahimtar da ni cewa a ƙasar ko abin da ya yi kama da bindiga haka haramun ne a riƙe, balle a shiga tasha da shi. Ya ce kuma tambayarsu ɗaya ce: mai saya wa yaro abin wasa me zai sa ta ɗinka masa aljihu a jikinta? Na faɗi gaskiya duka, titin, mafarkin, da kwana ukun gwaji. Da na zo kan gwajin sai Alhaji ya tsaya da fassara, ya dube ni, ya yi salati, ya tambaye ni ko na ɗauka takalmi ne. A nan na fashe da kuka, kukan da ban yi ba ranar da aka tare mu.

Kwana biyar na yi a tsare. Hajiya ta kawo mini kayan sawa, ta haɗa mini akwati, ta bi ta kan odar da na bari. Ko sau ɗaya ba ta ce ai ta gaya mini ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Aka soke bizata, aka ba ni kwanakin da zan bar ƙasar. Yau shekara huɗu ke nan. Sau biyu na sake nema, sau biyu aka hana ni. Yanzu wasu ke yi mini sari, suna nuna mini kaya ta waya, su zo in tarar rabi ba su da ƙwari. Manyan kwastomomina sun koma wurin masu zuwa da kansu, na saki rabin shagon, na cire 'yata daga makarantar da take so.

Na yi tunani mai yawa a zaman nan. Tsoro ne ya dame ni, maimakon in faɗa wa wani ina jin tsoro, sai na mayar da shi kayan da za a zaɓa a saya, don abin da na iya ke nan. Wadda ta gaya mini gaskiya kuma na yanke ta da magana. 'Yan uwana masu fita sari, ƙwarewarku a kasuwa ba sanin dokar gari ba ce. Duk abin da aka zaro muku daga ƙarƙashin kanta, ku tambayi wanda ya daɗe a ƙasar kafin ku sa hannu, abin da ya yi kama da makami kuwa ko kallonsa kada ku yi. Wanda kuma aka taɓa tarewa a hanya, ya samu mutum ya zauna ya gaya masa, ya yi kukansa da wuri. Ni ban yi ba. Har yanzu mahaifiyata ta ɗauka ciwon gwiwa ne ya zaunar da ni, don abin da na ce mata ke nan, duk wanda zai je Umara sai ta ba shi saƙon man zafi saboda ni, ni kuma in karɓa in yi godiya in shafa a gabanta.