Hucin da Mai Kunne Bai Ji Ba

Mai Kunne ake ce masa a layin gareji, kuma ba a banza ba. Shekara talatin da ɗoriya yana kanikanci, bai taɓa duba zanen tiyoyin da ake liƙawa a ƙarƙashin bonet ba. In mota ta zo silonta ya hau, inji na ta ihu alhali ba wanda ya taka totur, sai ya ciro guntun tiyon da ke rataye a wuyansa. Bakin tiyon guda a kunne, ɗayan ya bi injin da shi lungu-lungu, har ya ji siririn hucin inda iska ke satar hanya. Ya nuna da yatsa, a toshe, mota ta yi laƙwas. Mutum ne da ba ya iya zama, ko shayi a tsaye yake sha.

Abin da ya ɓoye wa kowa, tun bara hucin ya daina zuwa masa. Babbar ƙara yana ji, ƙanana kuwa sun yi masa ƙaura. A gida ya ɗora wa matarsa laifi, wai magana take a ciki. 'Yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, sau biyu tana yi masa zancen likitan kunne, ya ce ta je ta ji da marasa lafiyarta.

Sai ga motar ita 'yar ta dawo. Makon jiya shi da hannunsa ya wanke mata kafireto, ya cire tiyoyi ya mayar.

"Baba, a danja sai na danne birki da ƙarfi, ji nake za ta ƙwace min. Ga shan mai."

Ya murɗa kusar silo, ƙarar ba ta sauka ba. Ya ja wayar totur, lafiyarta lau. Ya zagaya motar, ya goge hannu, ya sake zagayawa. Kafin ka ce me, mai walda da mai faci sun bar aikinsu sun zo kallo.

"Ku yi shiru," in ji mai faci, "likita zai auna mara lafiya!"

Ya kafa tiyon a kunne. Gaba, gefe, baya: ba komai sai rugugi. Ya koma ɗaya kunnen, duk ɗaya. Gumi ya keto masa, tsoro ya kama shi sosai, don in sunan nan ya faɗi bai san me zai rage masa ba. Karon farko a rayuwarsa ya saci kallon zanen bonet, ya tarar baƙin mai ya cinye shi.

Ita kuwa 'yar daga inda take tsaye tana jin hucin sarai. Ta sunkuyo kamar mai gyara ƙarfen bonet, ta kama hannunsa a ɓoye, ta kai yatsansa bayan injin. Wani ɗan bututu ne baki buɗe, tiyonsa na reto a gefe. Bututun ya tsotse yatsan, nan take injin ya sauke murya.

"Kunne ke nan!" in ji mai walda. "Wallahi har yanzu ba na biyunka."

"Ai Baba ne," ta ce.

Ya mayar da tiyon kan bututun bai ɗago ba. Kunya ta rufe shi. Shi ya manta da tiyon a cire, yana huci dab da fuskarsa bai ji ba, ya sallami 'yarsa ta hau titi a haka kwana bakwai.

Da mutane suka watse, ya zare guntun tiyon daga wuyansa, ya naɗe shi ya jefa cikin akwatin sifana. Ya zauna a kan taya.

"Likitan nan naki, yaushe yake zama?"

"Laraba, Baba."

Ya ƙura wa leɓenta ido, ya ɗan karkato da kai.

"Ɗaga murya, uwata. Ban ji ba."