Kalma Ɗaya Don Jikar Kawu

Shekara biyu na yi ina koyon Sifaniyanci a makarantar lise a Tasawa, kuma in faɗi gaskiya, abin da ya saura a kaina bai cika cokali ba. Amma a ƙauyenmu Issawane ni ce gwana, don a garin makafi mai ido ɗaya sarki ne.

Wani hutu kawuna ya kira ni gindin bagaruwa inda yake tufka igiya. Ɗansa ya yi aure a Sifen, an haifa masa ɗiya, ga ta ta kai shekara biyar ba ta jin Hausa ko ta "zo". In an haɗa su a waya sai ta yi shiru, ta miƙa wa ubanta. Abin yana cin Kawu ƙwarai.

Ya ce, "Ɗiyata, ba ni kalma guda. Guda tak, wadda za ta ji."

Na zaɓo masa preciosa. Na yanka masa ita uku, pre, cio, sa, na ce a ta tsakiya ake danna murya. Ya ce, "Fire." Na ce babu wani "fi", leɓe da harshe tare suke tashi. Ya sake cewa, "Fire." Ni da gajen haƙuri har na fara tsaki.

Shi kuwa tambaya yake ta yi. Me ya sa ta tsakiya ta fi ƴan'uwanta nauyi? Daga ina kalmar ta fito? Na ce tushenta precio, wato daraja, wutsiyar kuma ita ke mai da ta "mai daraja", ta mace. Ya jinjina kai, ya ce ashe su ma tufka suke yi. Kwana huɗu yana bitar ta, har awaki sun sha ji.

Ran kasuwa da hantsi muka hau tudun da ake samun rezon waya. Muka kira ɗansa, aka ba yarinyar waya. Kawu ya gyara murya, ya faɗe ta da "fire" ɗinsa.

Sai yarinyar ta yi dariya, sai ta ɓarke da surutu ba numfashi. Na kasa kunne, ban tsinci ko kalma biyu ba. Kunya ta kama ni, na matso in ce masa ban gane ba.

Ya ture ni da gwiwar hannu, ya ƙara manna wayar a kunne.

"Matsa can," in ji shi. "Da ni take."